Wai Har Yanzu Akwai 'Yan Mafiya a Amurka, Ko a Fim Kawai Suka Rage?

Yau za mu ɗan ajiye Kannywood da sabbin waƙoƙi a gefe, mu leƙa wani gida daban. Duk wanda ya kalli The Godfather ko Goodfellas, ko ma Sarkar na Amitabh Bachchan, na san wannan tambayar ta taɓa zo masa: mutanen nan masu baƙar kwat, masu sumbatar hannun ubangida, har yanzu suna nan kuwa? Amsata ita ce suna nan, amma in ka gan su yau ba lallai ka gane su ba. Wanda kake kallo a fim Mafiyar shekarun 1950 zuwa 1980 ce. Ta yanzu ta tsufa, ta rame, ta kuma koyi yin shiru.

Bari mu fara da asali a gurguje. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 miliyoyin Italiyawa suka yi ƙaura zuwa Amurka, yawancinsu talakawa daga kudancin ƙasar da tsibirin Sisili. Mafi yawansu leburori ne masu neman halak, wannan ya kamata a faɗa. Amma a cikinsu akwai 'yan daba, kuma abin da ya mayar da 'yan daban nan attajirai shi ne dokar haramta giya da Amurka ta yi daga 1920 zuwa 1933. Gwamnati ta hana, mutane ba su daina sha ba, sai masu fasa-ƙwauri suka samu kasuwa. A nan Al Capone ya yi suna a Chicago, wanda a ƙarshe ba kisa ne ya kai shi kurkuku ba, kin biyan haraji ne, a 1931.

A wannan shekarar dai, bayan wani yaƙin cikin gida a New York da ya ci manyan iyayen gida biyu, Joe Masseria da Salvatore Maranzano, Lucky Luciano ya kafa majalisar shugabanni da za ta riƙa sasanta rikici. Birnin ya zauna a hannun gidaje biyar, waɗanda a yau ake kira Gambino, Genovese, Lucchese, Colombo da Bonanno. Su kansu ba sa cewa Mafiya, Cosa Nostra suke cewa, ma'ana "abinmu". Kowane gida yana da ubangida, da mataimakinsa, da mai ba shi shawara, sai kaftin-kaftin, kowanne da yaransa. Kuɗi daga ƙasa yake hawa sama. Kafin a ɗauke ka cikakken ɗan gida sai kana da jinin Italiya, a soki yatsanka, a ƙona hoton wani waliyyinsu na Kirista a tafin hannunka, ka yi rantsuwar kame baki har mutuwa. Wannan rantsuwar ita ce omerta. Ku riƙe ta, don a kanta labarin duka zai juya.

Ainihin ƙarfin da suke da shi

Fim ya fi son nuna mana bindiga, amma ni a ganina bindiga ita ce ƙaramar hanyar cin abincinsu. Babbar ita ce ƙungiyoyin ƙwadago. In kai ke riƙe da ƙungiyar direbobin manyan motoci, ko ta masu sauke kaya a tashar jiragen ruwa, to ba sai ka harbi kowa ba. Ɗan kwangila ya ƙi biya? Gobe ma'aikata su shiga yajin aiki, siminti ya bushe a mota. A shekarun 1980 kotu ta ji yadda suke karɓar kashi 2 cikin 100 a manyan kwangilolin zuba kankare na New York da suka wuce dala miliyan 2. Kwashe shara nasu ne, kasuwar kifi ta Fulton tasu ce, ɗinkin tufafi suna da hannu. Kuɗin fanshon ƙungiyar direbobi ta Teamsters da shi aka gina wasu gidajen cacar Las Vegas, abin da kuka gani a Casino na 1995. Tsohon shugaban ƙungiyar, Jimmy Hoffa, ya ɓace a 1975, har yau ba a ga gawarsa ba, kuma a kan wannan aka gina The Irishman na 2019.

Yadda aka karya musu ƙafa

Asirinsu ya fara tonuwa a 1957, lokacin da 'yan sanda suka faɗa wa wani taronsu a ƙauyen Apalachin, manyan mutane da kwat da takalma masu tsada suka riƙa gudu cikin daji. A 1963 Joe Valachi ya zauna gaban majalisar dattawa, ana haskawa a talabijin, ya zayyana tsarin gidajen. Amma makamin gaske shi ne dokar RICO ta 1970. Kafin ita, yaro zai yi kisa, a ɗaure yaron, ubangida yana gida yana shan gahawa. Ita kuwa dokar cewa ta yi in aka tabbatar kana jagorantar ƙungiyar da ke aikata laifuka a jere, to laifin ƙungiyar naka ne. An ɗauki shekaru kafin masu gabatar da ƙara su iya amfani da ita sosai. Da suka iya, sai Rudy Giuliani ya gurfanar da majalisar shugabannin gaba ɗaya a 1985, kuma Anthony Salerno da Anthony Corallo da Carmine Persico kowanne ya samu ɗaurin shekara 100.

To ka ga inda omerta ta fara tsagewa. Mutum zai iya kame baki ya yi shekara biyar a gidan yari. Amma a ce shekara 100, ga kuma gwamnati ta ce in ka yi magana za ta canza maka suna da gari ta ɓoye ka da iyalinka? Lissafi ya canza.

Nan zan ɗan tsaya a kan mutum biyu, don su ne suka fi bayyana mini abin da ya faru. Na farko John Gotti. A Disambar 1985 aka bindige Paul Castellano, ubangidan Gambino, a ƙofar gidan cin abinci na Sparks a tsakiyar Manhattan, Gotti ya hau kujera. Mutum ne mai son a gan shi. Kwat mai tsada, gashi a gyare, yana yi wa 'yan jarida murmushi, har mujallar Time ta sa shi a bangonta. Sau uku ana kai shi kotu yana fita. Ya tilasta wa yaransa su riƙa zuwa gaishe shi a wani kulob mai suna Ravenite, FBI kuwa tana waje tana ɗaukar hoton kowa, ta kuma dasa na'urar naɗar murya a ɗakin da ke saman kulob ɗin. Mataimakinsa Sammy Gravano ya ji muryar ogansa a kaset yana zaginsa a bayan ido, sai ya juya ya zama shaidar gwamnati. Ya amsa hannu a kisan mutum 19, aka yanke masa shekara biyar kacal. Gotti ya samu rai da rai a 1992, ya mutu a tsare a 2002.

Na biyu Vincent Gigante na gidan Genovese, kishiyar Gotti a komai. Wannan bawan Allah shekaru ya yi yana yawo a unguwar Greenwich Village da rigar wanka da silifas, yana magana shi kaɗai kamar mahaukaci. Ya hana yaransa ambaton sunansa, sai dai su nuna haɓa, saboda laƙabinsa ke nan. Sai 1997 aka iya ɗaure shi, kuma sai 2003 ya amsa a kotu cewa haukar ta ƙarya ce. Wallahi da a fim aka sa wannan, cewa za mu yi marubucin ya zuzuta. Har yau gidan Genovese ake ɗauka mafi ƙarfi a cikin biyar ɗin, kuma ba na jin haɗuwa ce kawai. Waɗanda suka rage salon Gigante suka ɗauka, ba na Gotti ba.

Gidan Bonanno kuwa sau biyu ya sha kunya. Jami'in FBI Joseph Pistone ya zauna a cikinsu daga 1976 zuwa 1981 da sunan Donnie Brasco, wanda Johnny Depp ya fito a matsayinsa a 1997. Sannan ubangidansu da kansa, Joseph Massino, bayan an same shi da laifi a 2004 ya koma yi wa gwamnati aiki, har ya ɗaura na'ura a jikinsa ya naɗi muryar wanda ya gaje shi.

Halin da ake ciki yanzu

Gidaje biyar ɗin duk suna nan. Akwai ragowa a Chicago, Philadelphia, New Jersey, Detroit, Buffalo da yankin Boston, amma a garuruwa da dama sun mutu murus. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001 FBI ta kwashe jami'ai da yawa ta mayar kan ta'addanci, abin da ya ba su ɗan sararin numfashi. Duk da haka a Janairun 2011 an kama sama da mutum 120 a rana ɗaya.

Kisa ya yi ƙaranci ƙwarai, don gawa ita ke jawo hukuma. A Maris ɗin 2019 aka harbe Frank Cali, wanda ake cewa shi ke jan ragamar Gambino, a ƙofar gidansa a Staten Island. Kowa ya ɗauka yaƙi ya dawo. Ashe wani saurayi ne ɗan shekara 24 da ba shi da alaƙa da kowane gida.

Me suke ci yanzu? Caca ta bayan fage, ba da bashi da ruwa mai yanka wuya, karɓar kuɗin dole daga 'yan kasuwa, damfarar inshora da ta lafiya, da ɗan abin da ya rage a hannunsu na gine-gine da tashar ruwa. A Satumbar 2021 aka kama shugabannin Colombo bisa zargin matsa wa wata ƙungiyar ƙwadago a Queens, ubangidan nasu Andrew Russo yana da shekara 87. A Nuwambar 2023 aka kama mutum 10 da ake dangantawa da Gambino kan tsoratar da kamfanonin kwashe shara da rushe gini, aka kama wasu shida a Sisili a lokaci guda, alamar igiyar da ke tsakaninsu da tsohuwar ƙasa ba ta tsinke ba.

A 2018 kotun ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni, aka yi zaton ta kashe musu kasuwa. Ba ta kashe ba. Kamfanin caca na waya sai ka sa kuɗinka tukuna, shi kuwa ɗan Mafiya bashi zai ba ka, kuma ba ruwansa da haraji. Wanda caca ta riga ta cinye, wajensa zai koma. Sai ga Oktobar 2025, aka kama sama da mutum 30, ciki har da kocin ƙwallon kwando na Portland, Chauncey Billups. Zargin shi ne ana amfani da taurarin wasa a jawo masu kuɗi teburin karta, alhali an yi wa injin gauraya kartar dabara, akwai ma teburin da ke karanta karta ta ƙasa, kuma gidaje huɗu cikin biyar suna karɓar kasonsu. Billups ya musanta, kuma zargi zargi ne sai kotu ta tabbatar.

A harkar ƙwaya kuwa an bar su a baya. Manyan dilolin Meziko irin su Sinaloa sun fi su nesa ba kusa ba, a Turai kuma 'Ndrangheta ta yankin Kalabriya ce ke riƙe da hodar iblis. Sannan unguwannin Italiyawan da suke samun yara sun watse, jikokin baƙin haure sun zama lauyoyi da likitoci.

Inda tasirinsu ya fi ƙarfi

Mu masu kallo, mu muka fi riƙe su da rai. The Godfather na Francis Ford Coppola ya fito a 1972, kuma kafin a gama shi sai da Joe Colombo, ubangida na gaske, ya sa furodusa ya yarda a cire kalmar Mafiya daga fim ɗin. Lenny Montana da ya fito a Luca Brasi ma yaron gidan Colombo ne a zahiri. Daga nan abin ya tsallaka Indiya: Dharmatma na Feroz Khan a 1975, Nayakan na Kamal Haasan a 1987, Sarkar na Ram Gopal Varma a 2005. Don haka in kana kallon fassarar Indiya-Hausa ka ga dattijon bos a kujera, talakawa na layi suna kawo kuka, yana magana ƙasa-ƙasa, to jikan Don Corleone kake kallo ko ba ka taɓa ganin kakan ba.

The Sopranos da aka yi daga 1999 zuwa 2007 shi ne a ganina ya fi kusa da gaskiyar yau: ubangida mai tumbi, yana fama da matarsa da 'ya'yansa, yana zuwa wajen likitar ƙwaƙwalwa, yana kukan cewa ya zo a ƙarshen zamani. FBI ta taɓa naɗar muryar 'yan gidan DeCavalcante na New Jersey suna hirar shirin, suna tambayar juna ko su ake nufi. A waƙa ma haka, ku duba sunayen Yo Gotti da Irv Gotti da Capone-N-Noreaga, mawaƙa baƙaƙen fata ɗauke da sunayen mutanen da ba za su taɓa ɗaukar su cikin gida ba.

Su kuma tsofaffin 'yan gidan sun gano cewa labarin ya fi laifin kawo kuɗi. Michael Franzese, tsohon kaftin na Colombo da ya yi arziki da satar harajin man fetur, yanzu yana da tasha a YouTube mai mabiya sama da miliyan, har zama yake yana duba finafinan Mafiya yana faɗin inda suka yi daidai da inda suka yi ƙarya. Joey Merlino na Philadelphia yana da nasa shirin. Shi ma Sammy Gravano, bayan ya sake shiga kurkuku kan sayar da ƙwaya a Arizona ya fito a 2017, ya buɗe nasa, sunan shirin Our Thing, wato Cosa Nostra ke nan da Turanci.