Daga Matan Fada Zuwa Teku: Tarihin Gasar da Ke Kiyaye Ruwanta

Gabatarwa

Mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa zai iya ɗaukar tseren jiragen ruwa a matsayin labarin wata duniya, tunda ƙasarmu ta tudu ce, ta masara da dawa da auduga. Sai dai Kogin Sakkwato a kusa da Funtuwa yake tasowa, ya ratsa Gusau, ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato, sannan ya gangara Argungu, inda Kabawa suka daɗe suna tseren kwalekwale da gasar su. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda masu gasa a ruwa suka koyi kiyaye ruwan da suke gasa a cikinsa, daga Argungu zuwa manyan tekunan duniya, domin a ga inda namu alhakin yake.

Kabawa da Dokar Ruwa

Tun ƙarni na 16, lokacin da Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi ya zauna a Surame, rayuwar Kabawa a ɗaure take da fadamar Rima. Daga cikin al'adunsu na dauri akwai gyaran ruwa da fashin ruwa. Fashin ruwa shi ne buɗe lokacin su, kuma kafin a yi shi ba wanda ke da iznin jefa koma a wuraren da aka killace. Hikimar a fili take: an ba kifi lokacin da zai hayayyafa ya girma. Sarkin Ruwa ne mai kula da wannan doka, tare da Homa, shugaban masunta.

Bikin Argungu kamar yadda aka san shi yau ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Ziyarar ta rufe babin gabar da ta faro tun faɗuwar Birnin Kabi a hannun masu jihadi a 1805, ta kuma tsananta bayan tawayen Yakubu Nabame a 1849. Kabawa suka karrama baƙonsu da abin da suka fi ƙwarewa a kai, wato su da wasannin ruwa da ake kira kabanci: tseren kwalekwale, ninƙaya, nutso, kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu.

Abin lura shi ne dokokin gasar kansu dokokin kiyaye kogi ne. Yankin Matan Fada a rufe yake ga masunta a tsawon shekara. Ranar gasa kuwa, dubban mutane ne ke faɗawa ruwa a lokaci guda, amma makaminsu koma ta hannu ce da babban gora, kuma lokacin da aka ɗiba musu bai wuce kimanin awa ɗaya ba. Kwalekwalen tsere da ƙarfin damtse ake tuƙa shi, ba ya zubar da mai ko hayaƙi. Wannan haƙuri na shekara guda shi ke haifar da giwan ruwa mai nauyin kilo 75 da aka kama a 2005, da mai kilo 78 da ya ci gasar 2020. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

Masu Tseren Teku

A can Turai, wani tseren kewaya duniya da jiragen filafilai, waɗanda iska ke turawa, ya fara ne a 1973 daga Fotsmos ta Ingila. Shi ne yau ake kira The Ocean Race. Matuƙa kan yi makonni ba su ga tudu ba, kuma a al'adar jiragen teku ta dā, shara a ruwa take ƙarewa, domin an ɗauka teku ba ta cika. A ƙarshen 1988 sashe na biyar na yarjejeniyar MARPOL ya fara aiki, ya haramta zubar da roba a teku baki ɗaya. A 2013 aka shigar da ƙa'ida cikin dokokin tseren jiragen filafilai na duniya wadda ta hana ɗan gasa jefa shara a ruwa da gangan. Daga nan zubar da shara ya zama laifin da alƙalan gasa za su iya hukunta jirgi a kansa.

Dokar ta sauya zaman yau da kullum a cikin jirgi. Ana tara shara a sauke ta a tashar gaba. Ana tace ruwan teku da na'ura a sha, maimakon lodin robobin ruwa. Jirage da dama suna samun lantarki daga hasken rana da kuma ƙaramin injin da gudun ruwa ke juyawa. Masu shirya gasa kan killace wasu yankuna domin kada jirage su yi karo da manyan dabbobin teku. A zagayen 2017 zuwa 2018, jirgin da 'yar Birtaniya Dee Caffari ta jagoranta ya riƙa ɗibar ruwa a hanya domin masana su auna ɓurɓushin roba, aka kuwa same shi har a tekunan da suka fi nisa da mazaunin mutane.

Wannan binciken ya tona wani abu mai nauyi. Matuƙa za su iya tsabtace jirginsu tas, amma mafi yawan robar da ke teku daga tudu take zuwa, koguna na cikin manyan hanyoyinta. Tarbiyyar ɗan gasa ita kaɗai ba ta isa ta ceci filin gasarsa ba.

Barazanar da Ke Zuwa Daga Sama

Tarihin Argungu ya riga ya koyar da haka. An kammala madatsar Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima ta biyo baya a shekarun 1980. Madatsun sun kawo noman rani, amma sun rage ambaliyar damina da ke cika fadama, wadda a cikinta kifi ke hayayyafa. A 2006 ruwan Matan Fada ya yi ƙasa har aka dakatar da gasar su ta shekarar. Ikon Sarkin Ruwa yana ƙarewa a iyakar ƙasarsa, ruwan kuwa daga nesa yake zuwa masa.

A nan ne labarin ya iso ƙofarmu. Itatuwan da ake sarewa a dazuzzukan kudancin Katsina domin gawayi suna barin ƙasa tsirara, ruwan sama ya kwashe ta ya cike koguna da yashi. Ledar ruwan sha da aka yar a kasuwa, da ragowar maganin feshi da aka wanke a rafi, damina ce ke ɗaukar su ta miƙa wa na ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza.

Kammalawa

Kabawa sun killace ruwa, sun taƙaita makami, sun ƙayyade lokaci, tun kafin masu tseren teku su rubuta tasu dokar. Masu tseren teku kuma sun ƙara abin da ya kamata mu ara, wato aunawa da adana sakamako. Da jami'o'in Sakkwato da Kabi da Katsina za su riƙa auna ruwan Rima a kowace shekarar biki, da an san abin da ke shiga cikinsa da inda ya fito. Ƙananan hukumomin da ke bakin mafarin kogi su ma suna da nasu aikin: dasa itatuwa a gaɓar rafuka, kwashe leda kafin faɗuwar damina, da hana wanke kayan feshi a ruwa mai gudu. Girman kifin da za a ɗora a ma'auni a Matan Fada nan da shekara ashirin ya danganta, ta wani fannin, da abin da muke zubawa a rafukan Faskari a daminar bana.