Abincin kare: yadda ake haɗa shi da yadda ake zaɓensa

A garuruwanmu kare ma'aikaci ne. Yana gadin gida da dare, yana tsaron garke daga dila da ɓarawo, yana raka mafarauci daji. A yankin Tawa da ƙasar Azawak, makiyaya suna da wani irin kare mai dogayen ƙafafu wanda duniya ta sani da sunan Azawak. Amma a gidaje da yawa kare ba ya da rabo cikin tukunya. Idan yunwa ta kama shi sai ya fita bola da mahauta, ya ci mushe, ya haɗu da karnukan da ba su da mai su, ya komo gida da cuta. Saboda haka ciyar da kare yana cikin hanyoyin kiyaye lafiyar iyalinku.

Mi jikin kare yake bukata?

Babban kare yana da haƙora 42, masu kyau wajen yagar nama. Duk da haka cikinsa yana narka hatsi idan ya dahu sosai. Abincinsa ya kamata ya haɗa abubuwa huɗu:

1. Abinci mai ba da ƙarfi: tuwon hatsi, na dawa, na masara ko shinkafa.
2. Abinci mai gina jiki: nama, kayan ciki, kifi, ƙwai, dafaffen wake, nono.
3. Ɗan mai: kitse kaɗan ko cokali guda na man gujiya.
4. Abinci mai kare jiki: dafaffen kabewa, karoti ko ganye.

Tuwo shi kaɗai ba ya isa. A Amurka, masana sun lura cewa karnukan da ke rayuwa bisa masara kusan ita kaɗai suna kamuwa da ciwon da ake kira baƙin harshe: baki ya yi gyambo, kare ya bar cin abinci, ya rame. A shekarar 1937 aka gano cewa rashin wani bitamin ne mai suna niyasin, wanda yake da yawa cikin hanta. Ɗan yankin dafaffiyar hanta sau ɗaya ko sau biyu a sati yana taimakawa ƙwarai.

Yaya za ku haɗa abincin a gida?

Ku ɗebi rabon kare kafin a zuba miya. Ku sa kashi biyu na tuwo, kashi ɗaya na nama, kifi ko ƙwai, da ɗan ganye. Don ƙarfin ƙashi, ku dafa ɓawon ƙwai, ku shanya shi, ku daka ya yi laushi, ku barbaɗa kaɗan bisa abincin.

Babban kare yana ci sau biyu a rana. Kwikwiyo yana fara lasar kunu mai kauri yana da sati 3 zuwa 4, ana yaye shi yana da sati 6 zuwa 8, kuma yana bukatar ci sau uku ko huɗu a rana. Karya tana ɗaukar ciki wajen kwana 63. A ƙarshen cikin da lokacin shayarwa, ku ƙara mata abinci sosai. Karen farauta ma ana kiwonsa tun kafin lokacin farauta ya zo.

Ga hanyar gane ko abincin ya isa: ku shafa haƙarƙarinsa. Idan hannu yana jin ƙasusuwan a ƙarƙashin ɗan nama, to daidai ne. Idan ƙashin baya da na ƙugu sun fito fili, ku ƙara. Karen Azawak dai siriri ne a halittarsa, ko ya ƙoshi ana ganin ɗan haƙarƙarinsa.

Kada ku manta da ruwa. Kare mai kilo 20 yana shan wajen litar ɗaya a rana, kuma fiye da haka a bazara. Ku ware masa kaskonsa na ci da na sha, ku ajiye su a inuwa, nesa da randa da kwanonin iyali.

Abubuwan da ba a ba kare

1. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu: suna lalata jininsa. Shi ya sa ragowar miya ba ta dace da shi ba.
2. Goro, shayi, gahawa da cakulan: suna sa zuciyarsa bugawa da sauri, suna iya kashe shi.
3. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza da ƙayar kifi: suna tsagewa su soki maƙogwaro ko hanji.
4. Hatsi, gujiya ko ƙuli-ƙuli da suka yi hunhuna: gubarsu tana ɓata hanta.
5. Mushe da ɗanyen kayan ciki.

Mi ya sa ake dafa kayan ciki?

Wani lokaci idan an yanka tunkiya, saniya ko raƙumi, ana ganin ƙulli mai ruwa cikin hanta ko huhu. Mutane sukan yanke wurin su jefa wa kare. Wannan babban kuskure ne. Cikin ƙullin akwai ƴaƴan tsutsa. Idan kare ya ci, tsutsar tana girma cikin hanjinsa, ƙwayayenta suna fita tare da kashinsa, su manne a gashinsa, su faɗa cikin ciyawa da ruwa. Bisashe su ci su kamu. Yaron da ya yi wasa da karen ya ci abinci bai wanke hannu ba, shi ma ya kamu. Ƙullin yana girma cikin hantar mutum ko huhunsa shekara da shekaru, kuma sau da yawa sai an yi aiki a asibiti kafin a cire shi.

Don haka, duk kayan cikin da ke da ƙulli ku ƙone su ko ku bizne su da zurfi, har ranar sallar layya da ake yanka da yawa. Masu lafiyar kuwa ku tafasa su sosai kafin ku ba kare.

Idan za ku sayi abincin kanti

A Yamai da manyan birane ana saida abincin kare cikin buhu ko gwangwani. Kafin ku biya kuɗi, ku karanta ko ku sa a karanta muku:

1. Kalmar faransanci "aliment complet": tana nufin abincin ya isa shi kaɗai.
2. Wanda aka yi dominsa: kwikwiyo ko babban kare.
3. Jerin kayan haɗi: abin da ya fi nauyi ake fara rubutawa. Nama ko kifi ya kasance a farkon jerin.
4. Yawan abin gina jiki, wato furotin: a abincin buhu, kada ya kasa kashi 18 cikin 100 ga babban kare, da wajen kashi 22 ga kwikwiyo.
5. Ranar lalacewa. Kada ku sayi buhun da ya huje, ko ya sha rana, ko yake warin tsohon mai.

Tsada da kyan buhu ba su ne shaidar inganci ba. Idan za ku canza wa kare abinci, ku riƙa gauraya sabon da tsohon har sati ɗaya, don kada ya yi zawo.

Abinci yana tafiya da magani

Karen da tsutsa da kaska suke shan jininsa ba ya amfana da abin da ya ci. Ku nemi malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsa kowane wata 3. Ku kai shi allurar rigakafin haukan kare tun yana da wata 3, ku sake a lokacin da malamin ya faɗa. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum wajen 59.000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti ranar nan.

Mu riƙe waɗannan: abinci mai haɗi kuma dafaffe, ruwa mai tsabta, maganin tsutsa, allurar rigakafi, da wanke hannu da sabulu bayan taɓa kare.