Minshari: me ke kawo shi, kuma yaushe yake zama ciwo?

Minshari, ko hansari kamar yadda wasu ke cewa, ƙara ce da ke fita idan iskar numfashi ta ratsa ƙuntatacciyar hanya lokacin barci. Da barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yakan saki, ganɗa da beli da gindin harshe su zubo baya su rage faɗin hanyar. Iska na kutsawa, sai su riƙa kaɗawa kamar tufa a kan igiyar shanya. Wannan kaɗawar ce kunne ke ji.

A Cadawa da sauran garuruwan gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji, lokacin hunturu ne aka fi kuka da shi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙura da mura suna toshe hanci, mutum ya koma numfashi ta baki, maƙogwaro ya bushe. Hayaƙin itacen girki da na taba sigari su ma suna kumbura cikin hanci. Irin wannan yakan tafi idan hancin ya buɗe, sai dai ga wanda karan hancinsa ya karkace tun haihuwa ko sanadin buguwa.

Ƙiba ita ce babbar mai laifi, duk da cewa har yanzu ana yi mata kallon alamar hutu da wadata. Kitsen da ya taru a wuya yana matse hanyar iska. Likitoci kan fara zargi idan kewayen wuyan namiji ya kai santimita 43, na mace kuma wajen 40. Kwanciya rigingine tana ƙara tsananta lamarin, don harshe baya yake faɗawa. Haka giya da ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam, waɗanda ake saye ba da takardar likita ba: suna sa naman wuya ya saki fiye da kima. Maza sun fi mata yi, yana kuma ƙaruwa da shekaru. Mace kan fara shi a watannin ƙarshe na ciki ko bayan ɗaukewar al'ada.

Ga yara, galibi kumburin ƙulluttan maƙogwaro ne ko na naman bayan hanci, kuma an fi ganin hakan ga masu ciwon sikila. Yaron da ke minshari kullum, baki buɗe, yana fitsarin kwance ko ya kasa natsuwa a aji, likita ya kamata ya gani. Kai shi wurin wanzami a cire beli ba ya kawar da toshewar, ga hatsarin zubar jini da kamuwa da ƙwayoyin cuta.

Inda minshari ke komawa ciwo shi ne idan numfashi yana ɗaukewa. Mai barcin yana cikin ƙara sai a ji tsit, sakan 10 ko fiye, sannan ya yi firgigit yana haki kamar an shaƙe shi. Shi bai sani ba. Matarsa ko abokin ɗakinsa ne ke sani, kuma shaidarsu tana da nauyi a gaban likita. Wani likita ɗan Faransa, Christian Guilleminault, ne ya yi bayanin ciwon dalla-dalla a 1976 a jami'ar Stanford ta Amurka. Ana ƙirga shi ciwo daga ɗaukewa 5 a cikin awa guda, idan ta kai 30 ya yi tsanani. Wani bincike da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekaru 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya.

Kowace ɗaukewa tana rage iskar da ke cikin jini, ta wahalar da zuciya. Shi ya sa ciwon ke tafiya da hawan jinin da ke ƙin jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Da safe akwai ciwon kai da bushewar baki, da rana kuma gyangyaɗi ko'ina. Ga mai shago, wannan abin tsokana ne. Ga direban da ya ɗauko fasinjoji daga Maradi zai bi ta Cadawa zuwa Damagaram, magana ce ta rayuka.

Mai minshari zalla yakan samu sauƙi da kwanciya ta gefe, ɗaga kai kaɗan, rage ƙiba, barin taba da giya, da wanke hanci da ruwan gishirin da ake sayarwa a kantin magani. Wanda numfashinsa ke ɗaukewa kuwa ya fara da asibitin CSI mafi kusa a auna masa jini, ya nemi a tura shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wato ORL. Maganin da ya fi aiki ga mai tsanani shi ne na'urar da ke hura iska ta hanci duk tsawon dare, wadda Colin Sullivan na Ostareliya ya fito da ita a 1981. Tana da tsada, tana kuma buƙatar wutar lantarki har gari ya waye. Yara kuwa, yawanci tiyatar cire ƙulluttan a asibiti ta wadatar.