Wa Ya Ba Su Baki?

A zauren alaramman da ya koya mana karatun allo a Sassumbrum ba wanda ya taɓa cewa yau za a karanta addinin wasu. Duk da haka, tun ban cika izu biyar ba na san Attaura ta Annabi Musa ce, Zabura ta Dawuda, Linjila ta Isa ɗan Maryama. Na ɗauka littattafai ne da aka ɗauke su zuwa sama tuntuni. Sai wata ranar kasuwa kawuna ya dawo daga Dungas, inda ƴan mishan ke da gida, da wani ɗan littafi a aljihun taguwarsa. Bai kai shi cikin gida ba, zaure ya nufa.

"Allah gafarta Malam, ga abin da aka ba ni. Wai Linjila ce."

Alaramma bai iya boko ba. Ya sa aka kirawo wani yaro ɗan lakwal, ya ce ya karanta. Yaron ya yi ta tuntuɓe da haruffa, mu kuma mun ajiye alluna mun buɗe baki. Da aka yi kamar shafi biyu, Malam ya ɗaga hannu. Na zaci zai ce a kai littafin murhu. Shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Wannan ba Hausar Bature ba ce. Wa ya ba su baki?"

Na yi shekara fiye da ashirin kafin in sami amsar, kuma a hanyar nemanta ne na zama tafinta, mai bin masu binciken addinai ƙauye ƙauye. Amsar ta fi kusa da gida fiye da yadda na zata.

Sunansa Dorugu. An haife shi a Dambanas, ƙasar Kance, nan maƙwabtanmu. Yana yaro aka kama shi a hari, aka yi ta sayar da shi har Kukawa, inda Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai ya koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Ya bi shi Tambutu, ya ƙetare Sahara da shi, suka isa Ingila a 1855. A can ya zauna gidan wani limamin mishan, James Frederick Schön, mutumin da ya sa wa ransa fassara Linjila da Hausa alhali bai taɓa zama ƙasar Hausa ba. Bisharar Matiyu ta fito a 1857, Sabon Alkawari gaba ɗaya a 1880, sai Magana Hausa a 1885, wanda ke ɗauke da labarin rayuwar Dorugu daga bakinsa. Sunan Schön ne a bangon littattafan, amma kunnen da aka gwada kalmomin a kansa na ɗan Damagaram ne.

Ba fassarar Schön kawu ya kawo ba, jikarta ce. Tsakaninsu akwai Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, waɗanda suka fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke a 1932. Su ma ba su kaɗai suka yi ba. A cikin mutanen Miller akwai zuriyar Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim na Kano, wanda ya yi ta bin ayoyin Alƙur'ani da ke maganar Annabi Isa har ya ɗaukaka shi fiye da yadda fada za ta lamunta, aka kashe shi a shekarun 1860. Wasu daga mabiyansa suka zo wa Miller a 1913. Kwatanta littafi da littafi ke nan, kuma ba daga jami'a ya fara ba, daga buzun malami ne.

Shi ya sa in ka buɗe fassarar za ka ji ƙamshin zaure: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, addu'a. Duk kayan malamai ne. Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne wuraren da suka ƙi ara. Ba su ce salla ba, suka ce sujada. Ba su ce masallaci ba, suka ce majami'a. Ba su ce Isa ba, suka ce Yesu, ko da yake fassarar da aka sabunta a ƙarshen shekarun 1970 ta haɗa shi da Almasihu. Kowace kalma cikin waɗannan an yi zama a kanta, an yi gardama, don ita ce ke nuna inda ake tarayya da inda aka raba hanya. Mishan ta SIM ta shigo Damagaram a 1924, daga baya ta kafa a Tsibiri kusa da Maraɗi, kuma littattafan da take rabawa daga Najeriya suke zuwa, da rubutun can.

Mu kuwa Musulmi mun daɗe da fassara, sai dai a baka. Da azumi mai jan baki zai ja aya, malam ya karanta Jalalaini, ya fasa da Hausa, in an shafa fatiha kowa ya tafi da abin da kunnensa ya ɗauka. Rubuta fassarar a takarda, a haɗa ta littafi guda, shi ne malamai suka daɗe suna jin nauyinsa. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya fitar da tasa da boko a 1979, shekara guda bayan kafa Izala a Jos. Shaihu Nasiru Kabara na Ƙadiriyya ya yi tasa, kuma in ka jera su biyun a ayoyin da ke maganar siffofin Allah za ka ga kowanne yana taka-tsantsan ta fuskar da ɗayan bai bi ba. Iyaka ba ta tsare mana komai ba. A lokacin Rediyon Kaduna na kawo tafsirin Gumi daga masallacin Sultan Bello, tana kawo na Shaihu Ɗahiru Bauchi, matasa kuma suka fara zuwa zaure da littafi a hammata suna cewa, "Malam, amma ga yadda aka fassara a nan." Wannan "amma" ta raba masallatai da yawa a ƙasar Magarya.

Bayan fassarar Linjila da ta Alƙur'ani, reshe na uku shi ne wanda na ci abinci a cikinsa. Turawan jami'a sun zo neman abin da ba ya cikin kowane littafi: bori, tsafin anna, iskoki. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano, ya fitar da littafinsa a 1946. Guy Nicolas ya yi aiki a Kance da Maraɗi a shekarun 1960, Jacqueline Monfouga-Nicolas ta rubuta kan bori a 1972. Waɗanda na yi wa aiki almajiran almajiransu ne, suna zuwa da waɗannan littattafai duk sun sha layi da biro.

Wata rana ni da wata baƙuwa daga cikinsu muka je wani ƙauye yamma da gari, wurin wani tsoho da ake ce wa sarkin noma. Baƙuwar ta ce in tambaye shi mene ne addininsa. Na durƙusa na ce, "Baba, wai mene ne addininka?" Ya dube ni kamar na tambaye shi launin iska.

"Addini ai ga shi can wurin liman, ni ma can nake zuwa. Wannan da kuka zo tambaya gado ne."

Ta rubuta. Sannan ya nuna gindin wata tsamiya, ya faɗi irin akuyar da ubansa ke yankawa kafin shuka, da wanda ake yanka wa. A nan na yi abin da har yau yake damuna. Kunya ta kama ni, ni da na sauke Alƙur'ani, a ce daga bakina wannan magana za ta fita zuwa ƙasar waje. Sai na ce mata yana nufin abin da ake yi a da. Tsohon bai ce "da" ba. "Bana ma" ya ce. Kalma ɗaya na sauya, na mai da abu mai rai tarihi, kuma haka ya shiga takardarta. Tun daga ranar, in na karanta wani Bature ya rubuta cewa al'ada kaza ta mutu a gari kaza, sai in tambayi kaina wane ne tafintansa, kuma ɗan wane gida ne.

Yanzu dai namu sun karɓi alƙalamin. Boubou Hama ya tara rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a cibiyar IRSH a Yamai. An buɗe Jami'ar Musulunci ta Say a 1986. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, jami'ar garin kuma sunansa take ɗauke da shi. Ousseina Alidou ta rubuta kan malamai mata, Abdoulaye Sounaye kan Izala da ƴan Sunna. Ba sa bukatar irina, kuma hakan ya fi. Abin da nake gani ya yi ƙaranci shi ne mai karanta littafin maƙwabcinsa da kunnen alarammanmu. A Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram saboda zanen wata jaridar Faransa, masu sujada a cikinsu mutanen gari ne, da yawansu da Hausar nan tamu suke roƙon gafara.

Dorugu ya dawo Afirka a 1864. Ƙarshen rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, a can ya rasu a 1912. Lokacin da na gama haɗa labarin, alaramma ya riga mu gidan gaskiya, sai kawu na kai wa. Ya tsufa, ido ya yi rauni, yana kishingiɗe a ƙofar gida. Ya saurare ni har ƙarshe, daga Kukawa zuwa Landan.

"Ashe ɗan Kance ne," ya ce. Ya gyara hularsa. "To, sun biya shi kuwa?"