Makomar Marina a Ƙasar Rano

A birnin Landan akwai wata tashar wutar lantarki da aka daina aiki da ita cikin 1981, aka gyara ginin aka buɗe shi cikin 2000 da sunan Tate Modern, gidan nuna zane-zane. Irin wannan sāke wa tsohuwar masana'anta aiki ya yaɗu a Turai da Amurka, har wadansu suna ganin ya kamata a yi haka a ƙasar Hausa. To, amma kafin a kwaikwayi abu, sai an san irin masana'antar da aka gada.

Labarin Hausa Bakwai ya ce Kano da Rano su ne sarakunan baba. Wannan kirari ba a banza ya ke ba, domin a ƙarni na 19 kudancin Kano, watau su Kura da Bunkure da Rano har zuwa wajen Kibiya, ƙasar auduga ce da baba da saƙa da rini. Da Barth ya zo Kano cikin 1851, ya ƙiyasta tufafin da a ke fitarwa kowace shekara da wuri miliyan 300 aƙalla. Binciken Philip Shea na 1975 kuwa ya nuna yawancin aikin nan a garuruwan karkara a ke yinsa, ba cikin birni kaɗai ba.

Harshen kansa ya faɗi yadda wuraren su ke. Marina, masaƙa, mabuga, majema, maƙera, duk an gina su ne daga aikatau, aka sa musu "ma-" a farko. Ba gini su ke nufi ba, wurin da aiki ya ke gudana su ke nufi. Marina fili ce da ramuka, ba bango, ba rufi. Saboda haka in rini ya tashi, ba wani zaure da ya saura wanda maɗinki ko mai zane zai shiga ya zauna.

Duk da haka marina ba su jahilci sāke amfani da tsohon abu ba, sai dai nasu a kan kayan aikin ne. Dattin da ya kwanta a gindin rami, wanda a ke kira katsi, a kan kwashe shi a busar, a ƙona, a daka, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara, ya zama laso. Da lason nan a ke shafe sabon rami don kada ya sha ruwa, da shi kuma magina su ke dāɓe rufin soro. Watau tsohon rami shi ke haifar sabo, majema ta taimaki marina, marina ta taimaki magini. Wannan dabara ita ta sa aka iya haƙa manyan ramuka maimakon tukwane, rini ya yi araha, ciniki ya bunƙasa har Hamada.

Abin da ya karya sana'ar sananne ne. Jamusawa sun fara sayar da shuni na kanti cikin 1897, jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911 da yadin Ingila, gyaɗa ta janye manoma. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, noman rani ya ƙara ɗauke hannuwa a Kura da Bunkure.

Manyan gine-gine irin na Turai a Kano su ke, a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, kuma da yawa daga waɗanda suka rufe tun daga shekarun 1980 sun koma ɗakunan ajiyar kayan waje, har da atamfar da ta kashe su. A Rano da Kibiya kuwa ramin da aka bari, ƙasa da shara ke cika shi, sa'an nan a yanka wurin fuloti. Da shi kalmomin sana'ar su ke binnuwa, irin su katsi da laso da karofi, waɗanda ɗalibin kwalejin horon malamai na yau sai ya duba ƙamus ɗin Bargery na 1934 kafin ya san ma'anarsu.