Daga Farautar Gyare Zuwa Dodannin Aljihu

  A wannan fitowa ina so mu waiwayi tarihin wani wasa da ya shiga ran 'ya'yanmu da jikokinmu, wato wasan tara dodanni a na'ura, wanda aka fi sani da Pokémon. Sau da yawa nakan ji iyaye na tambaya: wai me yara ke gani a cikinsa da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa? A ganina, amsar tana cikin ƙuruciyarmu ta Rano da Kibiya.

Wanda ya ƙago wasan wani Bajapane ne mai suna Satoshi Tajiri, haifaffen 1965. Ya tashi a Machida, gefen birnin Tokyo, lokacin da wurin ke da gonaki da kududdufai. Aikinsa ke nan kamun ƙwari, har abokansa suka yi masa laƙabi da likitan ƙwari. Da birni ya faɗaɗa, sai gine-gine suka cinye filayen, ƙwarin suka ɓace. Wannan rashi ne ya sa ya ƙudurta mayar wa yaran birni abin da suka rasa. Bayan kimanin shekara shida ana aiki, kamfaninsa Game Freak tare da Nintendo suka fitar da wasan ranar 27 ga Fabrairu, 1996, a kan ƙaramar na'urar nan Game Boy. Ma'anar sunan ita ce dodannin aljihu. Da halittu 151 aka fara, yau sun haura 1,000.

Tsarin wasan ba shi da wuya. Yaro zai shiga daji ya kama dodo, ya rene shi har ya ƙasaita, sa'an nan ya kara shi da na abokinsa. Dabarar da suka yi ita ce fitar da wasan iri biyu, Ja da Kore, kowanne ya rasa wasu dodannin. Saboda haka ba mai kammala tarinsa shi kaɗai, sai ya haɗa na'urarsa da ta wani sun yi musaya.

To, jama'a, wanne ne baƙonmu a nan? Waɗanda muka yi wasa a gindin duwatsun Rano da fadamun Kibiya mun tona ramin gyare, mun bi fara da babe bayan kaka, mun tari shinge da ruwan farko. Mun ɗana wa kanari tarko mun sa a keji, mun yi kiwon tattabaru muna furfure da juna. Kowa ya san wanda ya fi shi tari, da wanda ya mallaki irin da ba a cika samu ba. Shi kansa dodo ɗan gida ne. Da shi aka yi mana tatsuniya, kuma labarin Hausa Bakwai, wadda Rano ke cikinta, ya faro ne daga macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Bambancin kawai, dodonmu tsoronsa ake ji, shi kuwa Tajiri ya hore nasa ya sa a aljihu.

Wasan bai tsira daga suka ba. A 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta shi, bisa dalilin cewa katunansa na koya wa yara caca, kuma yana ɗauke da aƙidar rikiɗar halitta. Wannan jan kunne ne da ya kamata iyaye su riƙe, musamman inda kuɗi suka shiga wasa. Duk da haka, a 2016 da aka fito da Pokémon Go na wayar hannu, manya da yara a ƙasashe da dama suka bazama kan tituna neman dodanni. Masu iya magana sun ce hali zanen dutse. Son kamawa, da sanya suna, da reno, da gasa, ɗabi'a ce ta ɗan'adam tun kafin a san lantarki.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A 2002 wasu masana na Jami'ar Cambridge ta Ingila suka gwada yara 'yan firamare da hotuna. 'Yan shekara 8 sun gane kusan kashi 80 cikin 100 na dodannin Pokémon, alhali kusan rabi kawai suka gane na dabbobi da tsirran ƙasarsu. Mu tambayi kanmu: yaranmu nawa ne za su bambance kurciya da hasbiya, ko marke da kanya? Abin da ya sami Machida yana tafe mana sannu a hankali. Kurmin da muka sani ya zama gona, gona ta zama fuloti, kaɗanya da ɗorawa suna komawa gawayi.

Don haka nake roƙon ƙungiyarmu ta taimaka a kafa ƙungiyar nazarin halittu a makarantarmu. A ba kowane ɗalibi littafi ya riƙa rubuta sunan Hausa na duk tsuntsu, ƙwaro da icen da ya gani, da wurin da ya gan shi, a yi gasa tsakanin azuzuwa, a tuntuɓi dattawa da mafarauta tun suna raye. Yaron da ya haddace sunayen dodanni ɗari ba zai gagara sanin tsuntsayen garinsu ba, in an nuna masa hanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.