Wa Ke Riƙe wa Ɗalibi Lokacinsa?

Allo fuska biyu gare shi, kuma ba ya cin rubutun da ya fi ƙarfinsa. Malam ko gardi ya rubuta wa yaro, a biya masa, ya koma gefe ya yi ta maimaitawa. Ba zai wanke ba sai ya kawo karatun, malam ya saurara ya ce, "Je ka wanke." Sai an faɗi haka ake samun ƙari. Kolo bai taɓa zama yana tunanin da me zai fara yau ba, domin aikinsa na yau yana rubuce a kan cinyarsa, na gobe kuwa yana wurin malam.

Lokaci ma a yanke yake, sai dai salla ce ke yanka shi, ba agogo ba. Bayan asuba a zauna har hantsi, bayan azahar a koma, da dare a kewaye wutar kara a yi tilawa. Ranar Laraba a kai kuɗin Laraba, Alhamis da Juma'a a huta. Wanda ya sauke ya shiga makarantar zaure, nan ma jeri zai tarar: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, sai mai dogon numfashi ya kai ga Muhtasar. Ba wanda zai ɗauko Risala ya zauna gaban malam alhali bai wuce Ahalari ba. In ya gwada, dariyar 'yan'uwansa ɗalibai ta ishe shi.

Abin da ya sa na faro daga nan, wata magana ce da na sha ji a ɗakin malamai tsawon shekarun da na yi ina koyar da labarin ƙasa a sakandare: wai yaran yanzu ba su da tsari, ba su san abin da ya kamata su sa a gaba ba. Gaskiya ne, da yawansu ba su sani ba. Amma ban san wani zamani da aka yi a ƙasar Hausa wanda ɗan shekara goma sha biyar ya zo da tsarinsa daga gida ba. Kullum manya ne ke riƙe masa, a hankali su sakar masa. Tarihin makarantunmu ya nuna wanda ya riƙe, da yadda aka yi riƙon ya kuɓuce.

Da boko ya zo, ya zo da nasa riƙon. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa, bayan ganuwar Kano. Baƙon abu a wurin ba baƙaƙen boko kaɗai ba ne. Yaro ya tarar da fannoni da yawa a yini guda, kowanne da lokacinsa, a bar lissafi ba a gama ba a shiga labarin ƙasa don kawai lokaci ya yi. Ga wanda ya saba da allo, wannan kamar rashin ladabi ne ga karatu. Amma a Katsina abin ya kafu sosai. An kafa kwalejin horon malamai a can a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, aka riƙa tattaro zaɓaɓɓun yara daga lardunan Arewa ana ajiye su a wuri ɗaya, kwana da yini. Turawan da suka riƙe ta sun kwaikwayi makarantun kwana na Ingila da suka fito daga ciki: gidajen kwana, shugabanni daga cikin ɗalibai, wasanni na dole da yamma. Har kurket suka kawo, da wasan fayif, wato ƙwallon da ake buga wa bango da tafin hannu, wanda Ahmadu Bello ya ƙware a kansa tun yana ɗalibi a can, bai kuma bar shi ba har ya zama Firimiya. Ya gama a 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933.

Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, a 1971 ta ɗauki sunan Barewa. Tsohon gininta na Katsina gidan tarihi ne yanzu. Sai dai muhimmin abin shi ne malamai take yayewa. Ɗalibanta ne suka watsu cikin makarantun midil da aka tsara wajen 1930, kamar yadda Tafawa Ɓalewa ya koma Bauchi ya koyar har ya shugabanci ta can. Kowanne ya tafi da jadawalin Katsina a kansa. Ta haka ƙararrawa ta game Arewa.

Ni a shekarun 1970 na shiga hannunta. Ƙararrawarmu ba ƙararrawa ba ce ta gaske, tsohon wilin babbar mota ne aka rataye a jikin darbejiya, ana dukansa da guntun ƙarfe. Akwai ɗalibin da aikinsa ke nan, shi kaɗai ne cikinmu makaranta ta ba agogo. Ita ke tashinmu da asuba, ita ke kai mu shara, kowa da yankin da aka yanka masa, ita ke tara mu a asambuli. Darasi minti arba'in arba'in. Da hantsi koko, da rana gabza, sannan barcin rana na dole, ko kana jin barci ko ba ka ji. Bayan la'asar fili, bayan isha'i firef, wato karatun dare a aji, ƙarfe goma a kashe fitila. Asabar da safe a shimfiɗa farin zanen gado, a jera takalma, hausmasta ya zo duba tsafta yana shafa saman taga da yatsa. Ba a taɓa tambayar ɗayanmu yaushe yake son yin karatu ba.

Masu yabon wancan zamani sukan tsaya a nan, su ce ka ga tarbiyya. Ni ba na tsayawa. Ƙararrawa tana gaya maka lokacin karatu ya yi, ba ta gaya maka wane littafi za ka buɗe. A firef ake gane wannan giɓi. Aji ya yi tsit, firifet na zagayawa da bulala, kowa ya sunkuya, amma wani wasiƙa yake rubutawa, wani labarin da ya ara yake karantawa a cikin bangon littafin kimiyya, mafi yawa kuma suna karanta darasin da suka riga suka iya, saboda shi ne mai daɗi. Ƙananan yara kuwa rabin firef ɗinsu a hanyar famfo yake ƙarewa, suna ɗebo wa siniyoyi ruwa.

A lokacin makarantun Arewa cike suke da malamai 'yan Indiya da Pakistan da Ghana. Malaminmu na lissafi ɗan Ghana ne, kuma yana da wata al'ada da ba ta cikin aikinsa. Yakan shigo firef ba ranar aikinsa ba, ya tsaya a kanka ya tambaye ka abin da kake karantawa, sannan ya tambaye ka wane darasi ka fi faɗuwa a jarrabawar da ta wuce. In amsoshin biyu suka saɓa, ba ya duka, ba ya faɗa. Sai ya rufe littafin da ke gabanka, ya jira ka ciro ɗayan. Dokarsa ita ce sa'ar farko ta firef ta darasin da kake tsoro ce, tun kanka bai yi nauyi ba, wanda kake so kuwa ya jira ƙarshe, tunda shi ko kana gyangyaɗi za ka karanta. Cikin duk malaman da suka koyar da ni, shi kaɗai ne ya koya mana zaɓi. Sauran sun bar wa ƙarfe aikin. Shi ya sa da muka je jami'a, inda ba mai tashinka ba mai kashe maka fitila, wasu haziƙan cikinmu suka rikice tun shekarar farko.

Ginin da ke riƙe da ɗalibi ya fara tsagewa ne daga yawa. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, ilimin firamare kyauta ga kowa, yaran da suka zo suka zarce lissafin da aka yi. A 1982 ayarin farko ya gama firamare ya doshi sakandare, a daidai lokacin da ake shiga tsarin 6-3-3-4 kuma kuɗin man fetur ke ja da baya. Ba gwamnatin da za ta iya ba wannan taro gado da gabza. Aka buɗe makarantun jeka-ka-dawo, wasu ma aka raba su biyu, 'yan safe da 'yan rana. Ba na kukan wannan, domin ta nan ɗan talaka da 'ya mace suka samu shiga da yawa. Abin da nake cewa shi ne an cire firef, an cire barcin rana, an cire hausmasta, ba a sa komai a gurbinsu ba. Inda aka riƙe tsohon tsarin da gangan, kamar makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da jihar Kano ta buɗe a 1977, an ga likitoci da injiniyoyin da suka fito.

Kaya kuma sai ƙaruwa yake. Hukumar WAEC tana nan tun 1952, a 1978 JAMB ta zo, a 2000 NECO ta yi jarrabawarta ta farko. Tsarin 6-3-3-4 kuma ya kawo gwaje-gwajen tsakiyar zango da ake tara makinsu. Daga baya tsoro ya zo ya ƙarasa abin da talauci ya fara: satar ɗalibai a Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a ƙarshen 2020, Jangebe a farkon 2021. Jihohi suka rufe makarantun kwana da dama, iyaye kuma suka janye 'ya'yansu daga waɗanda ba a rufe ba, ba kuwa mai ganin laifinsu.

To, dubi yarinyar da ke ajin ƙarshe a yau. Darussa takwas ko tara za ta rubuta a WAEC, ta sake su a NECO, ga huɗu na JAMB a kwamfuta. Ta dawo gida wajen ƙarfe biyu, ta yi wanke-wanke, ta tafi Islamiyya inda hadda ke jiranta, ta dawo ta ɗora tuwo. Ɗan'uwanta yana shagon mahaifinsu ko wurin koyon ɗinki har magariba. Wuta ta zo ko kada ta zo. Waya tana nan, ita kam ba ta hutun Alhamis. Abin da a da malam da allo, ko ƙararrawa da firifet da hausmasta suka haɗu suka ɗauka, shi muka ɗora wa wannan yarinya ita kaɗai, sannan muka zauna a ɗakin malamai muna cewa ba ta da tsari.

Malamin yau ba shi da iko da daren ɗalibi, amma yana da iko da abin da malamin allo ya fi kowa iyawa, wato faɗin abin da ke gaba da abin da zai jira. Na ga wata fom mistires da ke yin haka a ajin da ya haura mutum tamanin. Duk Litinin takan ci minti goma na farko, kowa ya buɗe bayan littafinsa ya rubuta ayyukan makon, sannan ya ja layi ƙarƙashin uku kacal. Takan bi layi tana tambaya, "Ke Hajiya, me ya sa wannan ya riga wancan?" Jadawalin da take sa su zana ba kwafin na makarantar kwana ba ne. Salloli biyar ake fara sawa, sai aikin gida da Islamiyya da shago, abin da ya rage shi ne na gaskiya, ko da sa'a ɗaya ce bayan asuba. 'Yan ajin ƙarshe kuma tana gaya musu ƙiri-ƙiri cewa darussan nan tara ba nauyinsu ɗaya ba: jami'a kiredit biyar take nema, da Turanci da lissafi a ciki, sauran ukun kuma fannin da kake son karantawa ne ke zaɓar su. Wasu abokan aikinta sun ji haushi, don kowane malami gani yake darasinsa ne uwa da uba.

A nan ne ma gyaran ya fi wuya, domin rabin rikicewar yaran daga wurinmu take fitowa. Zango ya yi nisa ba wanda ya ba da gwaji, sai ofis ya ce a kawo maki ranar Juma'a, malamai tara su ruga aji cikin mako guda, kowa da gwajinsa da aikin gidansa. Ba dabarar da za ka koya wa yaro ta fitar da shi daga wannan, kuma a irin makon ne satar amsa ke samun sababbin almajirai. Maganinsa takarda ce guda a bangon ɗakin malamai tun makon farko, a raba ranakun gwaji, kada aji ya haɗu da fiye da biyu a rana. Mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu ne zai rubuta ta, shi ne kuma zai hana malamin da ya makara cusa nasa a ranar wani.